Kurakuran da Ƙungiyoyin NFL Suka Fi Yi Wajen Ɗaukar Mai Tsara Hari

Da zarar an kammala wasannin kakar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a farkon Janairu, sai kasuwar kociyoyi ta buɗe. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kuma kowace shekara sai ka ga da dama daga cikinsu sun fito neman sabon mai tsara hari. Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, wannan mutumin ɗaya ne daga cikin manyan mataimakan babban koci. Shi ke rubuta littafin dabarun kai hari, shi ke shirya atisayen mako, kuma a ƙungiyoyi da yawa muryarsa ce ke shiga kunnen kwatabak, ɗan wasan da ke jagorantar hari a fili yana jefa ƙwallo, ta rediyon da ke cikin hular kwano. Daƙiƙa 40 ake bayarwa tsakanin dabara ɗaya da ta gaba, kuma ana yanke rediyon idan saura 15. Wato a cikin abin da bai wuce daƙiƙa 25 ba zai duba yadin da ya rage, ya karanci abokan karawa, ya zaɓi dabara, ya faɗe ta sarai. Haka zai yi sau sittin da 'yan kai kafin a tashi.

Aiki mai wannan nauyi bai kamata a bayar da shi da ka ba, amma dubi yadda ake yi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaukar mutum saboda inuwar da ya zauna a ciki. A 2013 Adam Gase ne mai tsara harin Denver Broncos. A shekarar kwatabak Peyton Manning ya jefa tacdawun 55 (wato jifar da aka kai ƙwallo bayan layin ci da ita), ya tara yadi 5,477, ƙungiyar ta ci maki 606. Sunan Gase ya cika gari. Sai dai kowa ya san Manning mutum ne da ke sauya dabara da kansa a bakin layi bayan ya ƙare wa masu tsaro kallo, abin da ya yi shekaru yana yi tun yana Indianapolis. Da Gase ya samu ragamar New York Jets a 2019 da 2020, wasa 9 ya ci, ya sha kashi a 23, harinsa kuma yana can ƙasan tebur. Haka Nathaniel Hackett: shekara uku yana riƙe da muƙamin a Green Bay, kwatabak Aaron Rodgers ya zama gwarzon ɗan wasan gasar sau biyu a jere, 2020 da 2021. Amma babban koci Matt LaFleur ne ke kiran dabaru a fili. Broncos suka ɗauki Hackett a 2022, suka sallame shi bayan wasa 15, yana da nasara huɗu kacal.

Kama da wane ba ta wane. Gyaran yana farawa ne daga tambaya guda wadda abin mamaki ake jin nauyin yi: a inda ka fito, wa ke magana a rediyo? Idan amsar ita ce babban koci, sai a ci gaba da tono. Wane ɓangare ne naka a shirin mako? Dabarun zagaye na uku, inda ake neman yadi bakwai ko takwas? Na kusa da layin ci, inda fili ya ƙuntata? Sai a ɗauko bidiyon wannan ɓangaren kaɗai a kalla. A kuma nemo wasannin da tauraron ƙungiyar ya ji rauni aka sa na benci, domin a nan hannun koci ke fitowa fili. Ba ina nufin duk wanda bai taɓa kiran dabaru ba a rufe masa ƙofa. Kevin O'Connell bai kira su a ƙarƙashin Sean McVay a Rams ba, amma ya je Minnesota ya ci wasa 13 a shekararsa ta farko, ya kuma ci 14 a 2024 da Sam Darnold, wanda ƙungiyoyi da yawa suka riga suka fid da rai da shi. Abin nufi, a san abin da ake saya. Idan sabon hannu ne, a ba shi wasannin share fage na Agusta ya gwada, a kuma ajiye masa wani dattijon koci a gefe wanda ya taɓa ɗanɗana zafin kujerar.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ɗaukar koci don a yi zawarcin ɗan wasa. Jets sun ba Hackett aikin tsara hari a farkon 2023, Rodgers ya biyo shi bayan 'yan watanni. A wasan farko, ranar 11 ga Satumba, a taka ta huɗu, jijiyar agarar Rodgers ta tsinke. Sai ƙungiya ta wayi gari da littafin dabarun da aka ɗinka wa mutum ɗaya, mutumin kuma yana jinya har ƙarshen kaka. Kafin a sa hannu a takarda, ya kamata a tambayi kowane ɗan takara: idan kwatabak ɗinmu ya faɗi a makon farko, me za ka canza ranar Litinin? Wanda ya yi shiru, an ga amsarsa.

Sai batun da ya fi damuna, wato fifita tsari a kan mutanen da ke hannu. Koci zai zo da littafinsa a hamata, ya ce kowa ya lanƙwasa ya shiga. A 2023 Washinton ta ɗauko Eric Bieniemy daga Kansas City, inda ya yi shekara biyar tare da Patrick Mahomes. Kwatabak ɗinsa a sabon wurin Sam Howell ne, yaro a shekararsa ta farko ta riƙe ƙungiya, ga katangar da ke gabansa, wato 'yan wasan da ke kare shi, ba ta da ƙwari. Duk da haka Howell ya fi kowa yawan jifa a gasar, sau 612. An kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 65, an cafke jifarsa sau 21, ƙungiya ta ƙare da nasara huɗu. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Dubi akasin haka a Baltimore Ravens. Da babban koci John Harbaugh ya yanke shawarar gina ƙungiya a kan kwatabak Lamar Jackson, sai ya ɗaga Greg Roman a 2019, mutumin da ya riga ya yi aiki da kwatabak masu gudu, Colin Kaepernick a San Francisco da Tyrod Taylor a Buffalo. Roman ya cika fili da manyan 'yan wasa masu tare hanya, ya sa masu tsaro cikin ruɗani kan ko Jackson zai miƙa ƙwallo ko zai arce da ita. Ravens suka tara yadi 3,296 a guje, tarihin da ba a taɓa kafawa ba a lokacin, Jackson shi kaɗai ya yi 1,206, suka ci wasa 14, aka zaɓe shi gwarzon shekara babu ko ƙuri'a ɗaya da ta kauce. Abin da ya ƙara burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Da tsarin ya kai iyakarsa, jifa ta kasa bunƙasa, sai aka rabu da Roman aka ɗauko Todd Monken daga Jami'ar Jojiya a 2023. Jackson ya sake zama gwarzo a shekarar. Ƙungiya ɗaya, ɗan wasa ɗaya, amma kowane lokaci an nemo kocin da ya dace da matakin da yaron ya taka. Hanyar gwada ɗan takara a nan mai sauƙi ce: a ba shi bidiyon 'yan wasan ƙungiyar mako guda kafin ganawa, a ce ya zo da dabaru goma sha biyar da zai buɗe wasa da su da waɗannan mutanen. Idan ya dawo da abin da yake bugawa a tsohon wurinsa ba tare da ya taɓa komai ba, to bai kalli bidiyon ba.

Akwai kuma masu ganin cewa duk kocin da ya san ƙwallo zai iya kowane ɓangare. Bill Belichick, da duk kofunansa shida a New England, ya faɗa wannan ramin a 2022. Mai tsara harinsa Josh McDaniels ya tafi Raiders, sai aka miƙa kiran dabarun hari ga Matt Patricia, wanda ya yi suna a tsaro. Kwatabak Mac Jones da ya jefa tacdawun 22 ya kai ƙungiya wasannin kifa-ɗaya-kwala a shekararsa ta farko, ya dawo 14 a ta biyu, kuma bai sake komawa yadda yake a can ba. Sanin yadda ake rushe hari daban, sanin yadda ake jera dabara ta biyar don ta share wa ta ashirin hanya daban.

Wani abin da masu ƙungiya ba su cika lissafawa ba shi ne harshe. Kowane gidan kociyoyi da yarensa. Zuriyar Bill Walsh suna kiran dabara da doguwar jimla mai fayyace wa kowa aikinsa. Zuriyar Don Coryell suna amfani da lambobi wajen nuna hanyar da kowane mai cafke ƙwallo zai bi. Tsarin Erhardt da Perkins, wanda New England ta daɗe a kai, kalma ɗaya ko biyu ke ɗauke da dukan fasalin. Canza mai tsara hari sau da yawa daidai yake da a ce wa ɗalibi ya bar yaren da ya fara iyawa ya koma wani daga baƙaƙe, sannan ya yi magana da shi cikin daƙiƙa kaɗan, ƙarti masu nauyin kilo 130 na rugowa kansa. Kwatabak Alex Smith shi ne misalin da ba a mantawa. San Francisco ta ɗauke shi na ɗaya a 2005. Mike McCarthy ya fara koyar da shi, 2006 Norv Turner, 2007 Jim Hostler, 2008 Mike Martz, 2009 Jimmy Raye, a cikin kakar 2010 Mike Johnson. Aka yi ta kiransa asara. Da Jim Harbaugh da Greg Roman suka zo a 2011 suka zaunar da shi, ƙungiya ta ci wasa 13, daga baya kuma ya yi shekara biyar masu kyau a hannun Andy Reid. Yaron bai canza ba, ƙasar da yake takawa ce ta daina motsi.

Maganin wannan yana hannun babban koci. Yana iya gindaya sharaɗi cewa yaren gida ba zai canza ba: sabon mutum ya zo da dabarunsa, amma shi zai koyi sunayen da 'yan wasa suka saba da su. Mutum ɗaya ya yi karatu ya fi a tilasta wa ashirin da biyar.

Daga nan sai rashin shirin rabuwa. Duk mai tsara harin da ya yi fice, wata ƙungiya za ta zo ta ba shi kujerar babban koci, kuma babu mai ikon hana shi. Tampa Bay ta ɗauki Dave Canales a 2023, bayan shekara ɗaya Carolina ta ɗauke shi. Ta kawo Liam Coen a 2024, Baker Mayfield ya jefa tacdawun 41, sai Jacksonville ta ɗauke shi shi ma. Filadelfiya ta rasa Shane Steichen bayan wasan ƙarshe na cin kofi, Super Bowl, da ta sha kashi 38 da 35 a hannun Kansas City Chiefs, ta rasa Kellen Moore bayan wanda ta rama da 40 da 22. Wannan ciwon ya fi kama ƙungiyar da babban kocinta mutumin tsaro ne, domin harin gaba ɗaya yana tafiya a jakar wanda ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar da aka ɗauki mutum ya kamata a san wa ke bayansa, a riƙa ba kocin kwatabak ko mai kula da dabarun jifa damar shirya wani ɓangare da kiran dabaru a wasannin share fage. Ben Johnson haka ya taso a Detroit Lions, daga ƙaramin mataimaki zuwa kocin wani rukuni, zuwa mai tsara hari a 2022, har Lions suka ci wasa 15 a 2024 kafin Shikago ta ɗauke shi. Ɗagawa daga cikin gida ba tabbas ba ce, Brian Johnson ya gaji Steichen bai wuce shekara ɗaya ba. Amma tun 2020 doka ta hana ƙungiya tare mataimakinta idan wata ta kira shi ganawar zama mai tsara hari, saboda haka wanda ba ka shirya wa matsayi ba, wani zai shirya masa.

A ganawa kuma a tambayi ɗan takara wa zai riƙe masa katangar gaba. Tsarin gudun Mike Shanahan a Denver, wanda Terrell Davis ya yi yadi 2,008 da shi a 1998, hannun Alex Gibbs ne a ƙasansa. Jeff Stoutland ya zo Filadelfiya a 2013, manyan kociyoyi uku suka yi aiki da shi, masu tsara hari suka yi ta shiga da fita, katangar tana nan, kuma a bayanta Saquon Barkley ya yi yadi 2,005 a 2024. Idan ƙungiya tana da irin wannan mutum, kada a bar sabon zuwa ya kore shi don ya kawo abokinsa.

Na ƙarshe da zan taɓo shi ne ganawar jeka-na-yi-ka. Dokar Rooney, wadda aka kafa a 2003 da sunan mai Pittsburgh Steelers na lokacin, Dan Rooney, ta wajabta ganawa da 'yan takara daga tsirarun jinsi, kuma a 2020 aka faɗaɗa ta ta haɗa da muƙaman masu tsara hari da tsaro. Ƙarar da koci Brian Flores ya shigar a Fabrairun 2022 ta yi zargin cewa wasu ƙungiyoyi kan kira mutum ganawa bayan sun gama zaɓen wanda suke so. Ban da rashin adalcin da ke ciki, ƙungiyar da ta yi haka kanta ta cuta. Kujerar mai tsara hari ita ce babbar hanyar zama babban koci a yau, kuma wanda ya taƙaita nemansa ga abokai uku da suka taɓa zama ofis ɗaya da shi, dabarun da ya riga ya sani za a sake karanta masa. A kira mutum shida ko bakwai, har da na jami'o'i kamar yadda Baltimore ta yi da Monken, a ba kowa bidiyo iri ɗaya da allo iri ɗaya, kuma kada a yanke hukunci sai na ƙarshe ya ajiye alli.