Malaman Ingilishi, ku koyar da "his" da "her" ta hanyar Hausa

Assalamu alaikum ƴan uwa malamai.

In za ku koya wa ƴan 6e, wato ajin farko na sakandare, "his" da "her", ku ajiye Faransanci gefe, ku ɗauko Hausa.

Faransanci abin da aka mallaka yake dubawa: "son livre", "sa maison". Shi ya sa yaro ke rubuta "her house" yana nufin gidan Musa, don "maison" mace ce.

Hausa kuwa mai abu take dubawa, daidai da Ingilishi.
Littafinsa, "his book". Littafinta, "her book".

A ajina a nan Maradi na tsayar da yaro da yarinya gaban allo, kowa riƙe da jakarsa. Na nuna yaron, aji ya ce "jakarsa". Na nuna yarinyar, "jakarta". Sai na ɗora Ingilishin a kai. Wallahi abin da na yi makonni ina fama da shi ya zauna a darasi guda.

Amma ku kula da "its". Mota a Hausa "ita" ce, sai yaro ya ce "her door" maimakon "its door" in yana nufin ƙofar mota. Wannan sai kun ware masa ranarsa.

Ɗalibin da Hausa ba harshen gidansu ba, ku zaunar da shi kusa da wanda zai taimaka masa.