Yadda na tayar da Fijo 504 ɗin Baba

Kwana uku motar Baba tana ajiye a ƙofar gida a Jekadafari, nan Gombe. Kik yana juyawa, injin ya ƙi kamawa. Fetur na fara zargi. Na cire tiyon da ke kai wa kafireta mai, ƙanena ya murɗa makulli, sai ga mai yana tsartowa. Ashe ba nan matsalar take ba.

Na zare filogi ɗaya, na jingina shi da jikin injin, aka sake murɗawa, ko ƙyallin wuta babu. Da na buɗe dilko, wato abin da ke raba wa filogi wuta, sai na tarar kwantak ɗin cikinsa, wanda bakinsa ke buɗewa da rufewa don a samu wutar, ya ƙone baƙi ƙirin. Na goge shi da samfefa, na daidaita tazararsa milimita 0.4. Bugu ɗaya ta tashi. Baba ya leƙo yana cewa, "Allah ya yi maka albarka."