Yadda mai cutar Parkinson zai fara atisayen tai chi don gyara tafiya

Jama'a sun fi sanin cutar Parkinson da karkarwar hannu, amma mai fama da ita da mai jinyarsa faɗuwa suka fi tsoro. Cutar tana lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dopamine, sinadarin da ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, sai jiki ya sandare, taku ya gajarce, mutum ya ranƙwafa gaba, wani lokaci ƙafa ta kafe a bakin ƙofa ko wajen juyawa. Magani irin levodopa yana sassauta sandarewar, amma bai cika kawar da tangaɗi ba. A nan tai chi yake shigowa, wato atisayen ƙasar Sin da ake yi a hankali cikin natsuwa.

A shekarar 2012 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken da Fuzhong Li ya jagoranta a jihar Oregon ta Amurka, a kan mutum 195 da cutar ba ta yi musu tsanani ba. An kasa su uku: masu tai chi, masu atisayen ƙarfafa tsoka, da masu miƙe jiki, kowa awa ɗaya sau biyu a mako har mako 24. Masu tai chi sun fi sauran daidaita tsayuwa da tsawon taku, kuma ba su faɗi kamar masu miƙe jiki ba.

Kafin komai ka shawarci likitanka, musamman in jiri yana ɗibarka idan ka miƙe tsaye, domin cutar da magungunanta kan sa hawan jini ya sauka farat ɗaya. Zaɓi lokacin da magani yake aiki sosai a jikinka. Ka samu daɓe marar santsi, ka kawar da duk abin tuntuɓe, ka sa takalmi marar tsini mai kama ƙafa, kujera mai ƙwari tana gabanka. A makonnin farko wani ya tsaya kusa da kai.

Sannan tsayuwa. Buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ka ɗan sassauta gwiwa, ka ɗago kai kana duban gaba, numfashi ta hanci a hankali. Minti ɗaya ya isa.

Abu na gaba shi ne tushen komai, kuma a ganina ko shi kaɗai mutum ya ƙware a kai ya ci riba. Riƙe bayan kujera, ka tura nauyin jikinka gaba ɗaya kan ƙafar dama har ka ji ta hagu ta yi sakayau. Dakata ka ƙirga uku, ka mayar da nauyin hagu. Ƙugu ne zai tafi, kada kafaɗa ta karkata. Yi sau goma, sannan ka sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ka yi ta kai nauyin gaba da baya. Dalili kuwa, ƙafar da take ɗauke da nauyi ba ta ɗaguwa. Mai Parkinson yakan nemi yin taku alhali bai sauke mata kayan ba, sai ta maƙale, gangar jiki kuma ta riga ta yi gaba. Wannan atisaye yana koya wa mutum ya yi da gangan abin da ƙwaƙwalwa ta daina yi da kanta.

In hakan ya zauna, sai taku. Nauyi a dama, ɗaga hagu, ajiye diddige tukuna, sannan tafin ƙafa, sannan ka zuba nauyin a kai. Kada ka yi gaggawa. Taku biyar masu kyau sun fi ashirin na jan ƙafa. Gwada na gefe ma. Na baya kuwa sai da mai tsaro a bayanka.

Hannu shi ne na ƙarshe. Akwai motsin da ake kira kaɗa hannu kamar gajimare: hannu ɗaya daidai fuska, ɗaya daidai ciki, ƙugu yana juyawa da su dama da hagu, suna musayar wuri. Yana sassauta sandarewar baya, wadda ita ke sa juyawa ta yi wuya. Wanda tsayuwa ta gagare shi zai iya yin sa a zaune.

Fara da minti goma, ka riƙa ƙarawa har ka kusanci awa ɗaya sau biyu a mako. Bidiyon intanet yana taimakawa, amma malami ko likitan gashin ƙashi da zai ga inda kake karkata ya fi. Tai chi ba ya warkar da cutar, don haka kada ka rage magani saboda shi. In jiri, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ya zo, zauna nan take.

Duk ranar da ƙafa ta kafe a bakin ƙofa, kada ka yi kokawa da ita. Tsaya cak, ɗago kai, mayar da nauyi kan ƙafa ɗaya kamar yadda ka saba a bayan kujera, sannan ka jefa ɗayar da dogon taku.