Yadda Za Ka Sa Zane Ya Rikiɗe Zuwa Wani Zane

Mu ce kifi kake so ya zama tsuntsu.

1. Buɗe Krita, manhaja ce ta kyauta, ka shiga sashen zane mai motsi. A waya, FlipaClip ma ta isa. Saita gudu a firem 12 kowace daƙiƙa (firem shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su ba da motsi).

2. Zana kifin a firem na 1, tsuntsun a na 13, wuri ɗaya, girma kusan ɗaya.

3. Dakata ka yi tunani: wane sashe ne zai koma wane? Bakin kifi ya zama bakin tsuntsu, ƙayar gefe ta miƙe ta zama fiffike, wutsiya ta tsattsage ta zama gashin jela. Nan ne gwaninta take. In ka tsallake wannan, layuka za su riƙa ɓacewa da ɓullowa barkatai.

4. Kunna inuwar zane, wadda ke nuna na baya da na gaba dishi-dishi. Fara zana na 7, rabi kifi rabi tsuntsu. Muninsa kada ya dame ka. Sai na 4 da na 10, sannan ka cike sauran.

5. Kusa da farko da ƙarshe, bar bambancin ya zama kaɗan, don motsin ya tashi a hankali ya sauka a hankali.

6. Kunna ka duba, gyara inda ya yi tsalle, ka fitar da shi a GIF ko MP4.