Yadda na gyara kuskuren shafe gefe a zanen rashin daidaito

Ɗaliban da ke shirin jarrabawar probatoire (ta sakandare a Kamaru) a Garwa sun yi ta shafe gefen da bai dace ba a wannan aikin: x + y ≤ 6 da 2x − y < 3.

Matsalar tana cikin na biyun. Sukan kai ga −y < 3 − 2x, su raba da −1, su bar alamar yadda take. Alhali rabawa da lambar da ke ƙasa da sifili tana juya alama, sai ya zama y > 2x − 3.

Na ce su bar ware y, su gwada ɗigo ɗaya. Da farko a zana layukan x + y = 6 da 2x − y = 3. Layin farko ya bi ta (6,0) da (0,6), cikakke, domin ≤ ya haɗa da layin kansa. Na biyu ya bi ta (0,−3) da (2,1), a tsinke-tsinke, domin < bai haɗa ba. Sun haɗu a (3,3), amma wannan ɗigon ba ya cikin amsa.

Sai a sa (0,0) a cikin x + y ≤ 6 da 2x − y < 3: 0 ≤ 6 gaskiya ne, 0 < 3 ma haka. Gefen da (0,0) yake shi ake so. A shafe ɗayan gefen kowane layi da fensir, farin da ya rage shi ne amsa, ya fi fitowa sarai.

Idan layi ya ratsa ta (0,0), kamar y > x, a gwada (1,0).