Ruwan inabi mai sauƙin kuɗi da abincin da ya dace da shi a teburin Jos da Abuja

A Jos da Abuja da wuya a yi liyafar biki, ko walimar ofis, ko cin abincin Kirsimeti ko na Sallah, ba a jera kwalaben ruwan inabi a tebur ba. Yawancin masu saye kyan kwalba da farashi kawai suke dubawa. Sai a zuba wa baƙo ja mai nauyi ga farfesun kayan ciki da ya ji attaruhu, ya kurɓa sau ɗaya bakinsa ya kama da wuta, ya ture kofin ya nemi ruwa. Masu yin waɗannan kwalabe ba da farfesunmu suka gwada su ba. A teburinmu yaji ne ke da ta cewa, don haka daga shi ake fara lissafi, kafin sunan ƙasa ko na kamfani.

Kafin zancen ɗanɗano, a san abin da ke cikin kwalbar

Teburi ɗaya a Rayfield ko Wuse yakan haɗa Musulmi da Kirista, mai sha da wanda ko kusa ba ya zuwa, ga mai juna biyu, ga direban da zai mayar da mutane gida. Kwalaben kuwa duk kama ɗaya suke yi, alhali iri uku ne.

Akwai ruwan inabi zalla wanda aka tace, aka dafa shi sama-sama don kada ya tsimu, aka sa masa gas. Bai taɓa zama giya ba. Eva ta Sifen da Chamdor ta Afirka ta Kudu da Veleta da ake yi a nan Najeriya duk wannan layin ne, kuma su ne mafi araha. Dabarar ta daɗe: a 1869 wani Ba'amurke, Thomas Welch, ya fara dafa ruwan inabi ta wannan hanya domin cocinsa ta samu na jibin Ubangiji marar sa maye.

Iri na biyu giya aka fara yi sosai, daga baya aka janye barasar da na'ura. Gidan Carl Jung na Jamus, wanda ke wannan sana'a tun farkon ƙarni na 20, da Natureo na kamfanin Torres a Sifen, su ne misali. A jikin kwalbar za a ga 0.0% ko 0.5%. Ba shi da zaƙin na farko, ya fi shiga da abinci, ya kuma fi tsada. Tun da asalinsa giya ne, Musulmi da yawa ba sa shan sa ko da an rubuta 0.0%. Mai raba abin sha ya faɗa wa baƙo gaskiyar abin, baƙon ya yanke wa kansa.

Na uku giyar inabi ce mai barasa, daga 5% zuwa 15%. Adadin na nan a takardar gaba ko ta baya, kusa da alamar kashi cikin ɗari. Inda ake yawan kuskure shi ne masu zaƙi irin su 4th Street da Four Cousins mai zaƙi da Lambrusco da Moscato. Harshe zai ɗauka lemo ne, amma suna ɗauke da barasa tsakanin 5% da 9%. A ware wa kowane iri bokitinsa da kofunansa, a ɗaura zare mai launi a wuyan marasa barasa, kuma a nuna wa yaran da ke rabo tun kafin baƙi su zauna.

Ina araha take

Ba dole sai na Faransa ba. Da kuɗin kwalba ɗaya mai sunan Bordeaux na ƙasa-ƙasa, sau da yawa za a samu wadda ta fi ta daga Cile ko Ajantina ko Afirka ta Kudu ko Sifen, inda gonaki ke da faɗi kuma ba a biyan kuɗin suna. Frontera da Casillero del Diablo na kamfanin Concha y Toro ne a Cile. Nederburg daga Paarl take, Drostdy-Hof daga Tulbagh, Four Cousins daga Robertson, duk a Afirka ta Kudu, ƙasar da aka fara matse inabi a cikinta tun 1659. Carlo Rossi daga Kalifoniya take zuwa. Kwalbar da ta faɗi sunan inabinta da yankinta ta fi wadda ta cika takarda da zanen fada da ruwan gwal ba tare da ta faɗi komai ba.

Shekarar da ke jikin kwalba shekarar girbi ce, kuma mai araha ba ya ƙara kyau da tsufa. Fari da ruwan hoda a sha su cikin shekara 2 da girbi, ja cikin 3 ko 4. Mai kanti da ya ce maka tsohuwar kwalbar da ta yi ƙura ta fi daraja, kayansa yake son ya rabu da su.

Yaji, maiƙo, tsami

Abu huɗu ne ke aiki a baki: zaƙi, tsami, barasa da bauri. Baurin nan shi ne irin wanda goro ke bari a harshe, yana fitowa daga ɓawon inabi da ƙwallonsa. Ja ake tsimawa tare da ɓawon, shi ya sa yake da bauri, fari kuwa ana raba shi da ɓawon tun farko.

Barasa tana ƙara wa barkono zafi, bauri yana busar da yawun da zai wanke shi, zaƙi da sanyi kuma suna kwantar da shi. To ga farfesun kaza ko na jelar sa, da tsire mai yaji da yawa, a nemi mai ƙarancin barasa, mai ɗan zaƙi, mai sanyi sosai. Riesling na Jamus da aka rubuta wa Kabinett yakan tsaya wajen 8% ko 9%, babu kamarsa ga irin wannan abinci. In ba a samu ba, Chenin Blanc na Afirka ta Kudu mai ɗan zaƙi, ko Mateus mai ruwan hoda na Fotugal. Duk ja da ya kai 14% a nisanta shi da farfesu. Wanda ba ya shan barasa ya fi kowa sa'a da abinci mai yaji, domin farin Chamdor ko Eva ya wadatar, sai dai zaƙinsa ya yi yawa ga cin abinci. A sirka kashi biyu nasa da kashi ɗaya na ruwan soda, a matsa ɓarin lemon tsami a kowane kofi.

Nama mai maiƙo ne gidan ja mai bauri. Baurin yana kama kitse da naman da ke bakin mutum, kowace kurɓa ta wanke harshe, shi kuma naman ya tausasa baurin. Balangu, gasasshen rago, naman Sallah da aka soya, duk suna son Malbec na Mendoza a Ajantina, ko Cabernet Sauvignon na Cile, ko Tempranillo na Sifen. Pinotage, inabin da Abraham Perold ya haɗa a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a 1925, yakan zo da ɗan ƙamshin hayaƙi da ke tafiya da naman da ya ji garwashi. Sharaɗin ɗaya ne: a ce wa mai nama ya ƙunsa yajin daban, kowa ya dangwala gwargwadonsa. In aka barbaɗe shi a kan naman, an koma matsalar farfesu.

Kilishi yakan yaudari mutane, suna ganin nama ne sai su ɗauko ja mai nauyi. Kilishi busasshe ne, kitsensa kaɗan, ga tunkuza da barkono da ɗan zaƙi, don haka bauri ba ya samun abin kamawa sai harshen mai ci. Wanda ya sayo kilishin Area 1 a Abuja ya nemi Lambrusco na Italiya mai sanyi, ko ruwan hoda, ko jan ruwan inabi mai gas marar barasa. Dambun nama ma haka.

Kifi ba ya shiri da ja. Ɗan sinadarin ƙarfen da ke cikin ja yana tayar da ƙarnin kifi, baki ya yi ta jin ƙarfe. Gasasshiyar tarwada ko karfasa irin ta Barikin Mogadishu a Abuja tana son fari mai tsami: Sauvignon Blanc na Cile ko Afirka ta Kudu, ko Vinho Verde na Fotugal, wanda barasarsa ba ta da yawa kuma yana da ɗan gas. Aikin da lemon tsami ke yi a kan kifi shi suke yi.

Shinkafa dafa-duka da miyar tumatir suna da tsaminsu, kuma abin sha da tsaminsa bai kai na abinci ba yakan koma lami. Jan Italiya irin su Chianti da Montepulciano d'Abruzzo an saba shan su da abinci mai tumatir, suna riƙe kansu. Ruwan hoda marar zaƙi ma ya yi, shi ne kuma zaɓin da ya fi aminci idan faranti ɗaya ya haɗa shinkafa da kaza da salak.

Gwaten acha na mutanen Filato ya haɗa tsamin yakuwa da ɗacin gauta. Ɗaci a kan bauri ninkuwa yake yi, saboda haka ja ya fita. Sauvignon Blanc mai ƙamshin ɗanyen ganye ne ya fi kusa. Miyar taushe, da kabewarta da gyaɗarta, tana karɓar Chenin Blanc ko Chardonnay. Tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa kuwa a bar su da ruwan sanyi. Yauƙi da daddawa ba sa barin ɗanɗanon inabi ya fito, asarar kwalba kawai za a yi.

Kayan suya, wato masa, ƙosai, sambusa, soyayyen dankalin Bokkos, suna son mai gas, domin kumfa da tsami suna yanke mai. Cava ta Sifen da Prosecco ta Italiya suna yin aikin shamfen a kuɗi kaɗan. A lura da rubutun jikinsu. Brut na nufin sukari bai kai giram 12 a lita ba. Extra Dry, duk da sunansa, ya fi shi zaƙi, giram 12 zuwa 17. Demi-Sec yana da 32 zuwa 50. Ga kek ɗin amarya sai wanda ya fi kek ɗin zaƙi, in ba haka ba ya yi tsami a baki, wato Demi-Sec ko Moscato ko ruwan inabi zalla ba sirki. Su ne kuma abokan sitiroberin Jos a lokacinsa. Mai ciwon sukari ya sani cewa kofi ɗaya na zallan yana ɗauke da abin da ya kai ƙaramin cokali biyar na sukari.

Wajen saye

Zafi ya fi komai lalata kwalba a ƙasar nan. Ruwan inabi yana son wuri mai duhu da sanyin digiri 12 zuwa 15, Abuja kuwa a watan Maris tana haura 35. Kada a ɗauki wadda aka jera a taga ko a rumfar bakin titi. Alamun wadda ta dahu su ne toshiyar ta ɗago sama da bakin kwalba, ko danƙo ya zubo ta ƙarƙashin marfin, ko ruwan ya sauka ƙasa da wuya, ko fari ya koma ruwan ƙasa. Bayan saye kada katan ya wuni a but ɗin mota.

Jabu ma na nan. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta rufe wata kasuwa a Aba inda ta kama masu ɗura abin sha na jabu a kwalaben kamfanoni. A duba lambar NAFDAC, a duba ko hatimin marfi bai taɓu ba, a kwatanta kwalba biyu na katan ɗaya a ga ko cikarsu da launinsu ɗaya ne. Farashin da ya faɗi ƙasa da na manyan kantuna sosai abin tuhuma ne. Bayan biki a kankare takardun kwalaben kafin a zubar, domin da irinsu ake ɗurin.

Lissafi da sanyaya

Kwalba mililita 750 ce, kofi biyar ke nan in ana zuba 150. Baƙi 50 a kofi biyu-biyu kwalba 20 ne, a ƙara 2 ko 3 saboda zubewa da wadda za ta fito a lalace. In ɗaga kofi kawai za a yi wa ango da amarya, kwalba ɗaya ta ishi mutum 7.

Mai gas yana son digiri 6 zuwa 8, fari da ruwan hoda 8 zuwa 10, ja 14 zuwa 18. Maganar cewa ja ba ya shiga firij daga ƙasashen sanyi ta zo. A Abuja a ba shi minti 25 a firij, in ba haka ba barasarsa ce za ta fara dukan hanci. A Jos da hunturu lungun ɗaki ya isa. Idan babu wuta, a cika bokiti rabi ƙanƙara rabi ruwa, a watsa gishiri cikin tafin hannu, a nutsa kwalbar har wuya, minti 20 ta yi sanyi. Ƙanƙara ita kaɗai ba ta taɓa dukkan jikin kwalba, shi ya sa take jinkiri. Mai gas da aka manta a firiza fashewa yake yi.

Wajen buɗe mai gas, a ɗora babban yatsa a kan toshiya kafin a warware wayar, a karkata kwalbar, bakinta ba ya kallon kowa, a riƙe toshiyar a juya kwalbar a hankali har ta saki iska. Girgizawa a harba sama na zubar da kofi guda, toshiyar kuma tana iya fasa ido. In aka buɗe kwalba aka ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar ce ta ɓata ta. In warin ruwan kal ne, iska ta shiga. Duka biyun ba su gyaruwa.

Ragowar ja ko fari a mayar da marfi a sa a firij, ya kai kwana 3. Mai gas kwana 1 ko 2 ne, shi ma sai da marfi mai kamawa. Ruwan inabi zalla da aka buɗe aka bari a zafi yakan fara tsimuwa da kansa, saboda sukarinsa, har ya soma zama barasa. In ɗanɗanonsa ya canja ko ya fara warin tsami, a zubar. Masu girki da ke juye ragowar giyar inabi a miya ko naman gashi su sani cewa wuta ba ta ƙone barasar duka, ko an daɗe ana dafawa. Irin wannan tukunya a ware ta, a kuma faɗa wa masu ci kafin a zuba musu.