Kurakuran da ke kuɓutar da kifin halibut a tekun arewacin Norway

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, manyan kifayen halibut sukan baro zurfin da suka yi ƙwai, su hauro ruwa marar zurfi neman abinci a gaɓar Lofoten da Senja da Sørøya. Kifi ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanunsa biyu a gefe guda, wani ya haura kilo 100. Yawancin waɗanda ke rasa shi, gaggawa ce ke cin su.

Baƙon masunci yakan nufi ruwa mai zurfin mita 100, wai babban kifi sai babban zurfi. A wannan lokaci ba can yake ba. A nemi ƙasa mai rairayi, mita 10 zuwa 40, musamman mashigi tsakanin tsibirai inda ruwa ke gudu. Idan teku ta tsaya cik tsakanin cikowa da janyewa, cizo yakan yi ƙasa.

Sai kuma jan koto a ƙasa. Halibut kwance yake a rairayi yana kallon sama, don haka abin da ke bisa kansa yake gani. Da zarar koton kifin roba mai gram 200 zuwa 400 ya taɓa ƙasa, a naɗe zare ya ɗago mita uku zuwa biyar. Lokaci-lokaci a riƙa jawo shi a hankali har sama, ana leƙen ruwa, domin kifin yakan biyo koto har gindin jirgi kafin ya kai hari. In iska na tura jirgi da sauri har zare ya kwanta, a rage gudun da inji ko da lemar ruwa, wato jakar da ake jefawa a ruwa tana riƙe jirgi.

Babban kuskure shi ne fizga da wuri. Cizon farko sau da yawa ɗan nauyi ne kawai, kamar ƙugiya ta maƙale a ciyawa. Kifin ya kama koto ne bai haɗiye ba; kana fizga ka zare masa daga baki. A jira sanda ta lanƙwashe sosai. Mai amfani da mataccen kifi a ƙugiya mai zagaye kuwa ba ya fizga sam, naɗewa kawai yake yi har ta kama gefen baki. A kuma sa tsinken nailan mai kaurin milimita ɗaya ko fiye a gaban ƙugiya, haƙoransa na cinye siriri.

Kada a ɗaure birkin zare, wato abin da ke riƙe zare a na'urar naɗi, tamau. Kifin na isowa sama yakan juya ya nutse gaba ɗaya, kuma nan zare ke tsinkewa. Ɗago kansa daga ruwa ma haukata shi yake yi.

Jawo babban halibut da rai cikin ƙaramin jirgi ganganci ne, bugun wutsiyarsa na iya karya ƙafa. Wanda za a ci, a kafa masa hargi mai igiya da ƙwallo mai iyo, ya gaji, a yanka shi jini ya tsiyaye tukuna. Dokar Norway ta ce wanda ya wuce mita biyu dole a sake shi, saboda gubar da ke taruwa a naman tsofaffi, don haka a auna tsawonsa a ruwa kafin a ɗauki hargi. Lokacin hana kamun halibut yana farawa 20 ga Disamba. A duba ranar buɗewa da mafi ƙarancin tsawon da aka yarda a ɗauka a wajen hukumar kula da kamun kifi ta Norway kafin a yanki tikitin tafiya.